Ilmin Da Ke Tafin Hannu: Ginin Tukwane Daga Japan Zuwa Bagudo

A kowace shekara mutane sukan baro ƙasashensu, daga Turai da Amurka da sauran sassan Asiya, su biya kuɗin jirgi da na masauki, su tafi Japan domin su zauna gaban maginin tukwane su koyi sarrafa yumɓu da hannunsu. A garuruwa irin su Mashiko da Kyoto da Seto da Tajimi akwai gidajen gini waɗanda ke karɓar almajirai, waɗansu na yini guda, waɗansu na makonni, waɗansu kuwa na shekara da shekaru. Cikin masu zuwan nan har da mutanen da suka yi zurfi a karatun zamani, kuma ba su ganin cewa laka a yatsunsu ta rage musu daraja. Alhali kuwa a nan gida, ɗalibin da uwarsa ta biya masa kuɗin makaranta da cinikin tulu da randa, sau da yawa in an tambaye shi sana'ar gidansu sai ya kau da kai ya shiga wata magana.

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne: ginin tukwane ilmi ne cikakke, irin wanda ba ya zama a takarda, sai a hannun mai shi, kuma ba a gadonsa sai an durƙusa kusa da gwani an yi tare da shi. Saboda haka wajibi ne makarantunmu na gaba da sakandare su buɗe darasin koyo da hannu, wanda maginan ƙauyukanmu za su koyar, a biya su ladan malanta, a rubuta sunayensu a matsayin malamai. Mun ɗauki ƙasar Bagudo da ke kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin don mu yi misali da ita, kuma za mu faɗi dalili. Amma bari mu fara da abin da Japanawa suka yi, domin a san cewa ba daga sama darajar maginansu ta faɗo ba.

Wanda ya shiga almajirci a gidan gini na Japan ba ya fara da gina tukunya. Yakan fara da shara da ɗebo ruwa da murza yumɓu. Suna da wata irin murza da suke kira kikuneri, inda ake ninka yumɓun ana juya shi sau da yawa har iskar da ke cikinsa ta fita, ya zama laushinsa ɗaya ko'ina, domin ɗan ramin iska ko dunƙulen da bai murzu ba shi ke jawo tsagewa in an kai ga wuta. Masu sana'ar sukan ce wannan murza kaɗai tana cin shekara uku kafin hannu ya faɗa. Daga nan sai faifan gini mai juyawa, sai haɗa ruwan ƙyallin da ake shafa wa kwano, sai kuma sanin halin wuta. A Bizen, cikin lardin Okayama, ba su ma shafa ruwan ƙyalli. Sukan jera kayan a tanderu su yi ta ba shi itace fiye da kwana goma, toka da harshen wuta su ne ke yi wa tukunyar ado. Watau irin tukunyar da ba ta da ƙyalli, wadda mu muke kira ta ƙauye, ita ce a can ake sa wa tsada.

Da ma su ma sun kusa yin hasarar wannan gado. Sa'ad da kayan masana'antu suka cika kasuwanninsu, sai waɗansu matasa masu ilmin zamani, ƙarƙashin jagorancin Soetsu Yanagi, suka tashi a tsakiyar shekarun 1920 suna bin ƙauyuka suna tattara kwanoni da tufafi da kayan aikin talakawa, suna rubutu a kan darajarsu. A 1936 suka buɗe gidan adana kayan hannun talakawa a Tokyo. A 1950 gwamnati ta yi dokar kare kayan al'adu, daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗa da gwanintar da ke jikin mutum, har a 1955 aka fara naɗa gwanayen da jama'a ke kira dukiyar ƙasa mai rai. Cikin na farkon akwai maginin tukwane na Mashiko, Shoji Hamada. Wanda aka yi wa wannan naɗi gwamnati kan ba shi yen miliyan 2 a shekara, da nufin ya ci gaba da sana'arsa ya kuma horar da magada. A 1974 aka ƙara wata doka ta tallafa wa sana'o'in gargajiya na yankuna. Abin lura a nan abu biyu ne: 'yan boko ne suka fara motsin, kuma hukuma ta ɗaura girmamawa da koyarwa a igiya ɗaya.

Wani zai ce, ina ruwanmu da Japan, ƙasar da ke can bangon gabas? To, ashe salsalar malantar nan ta taɓa zuwa ƙasarmu, kuma mu da muka san karatun zaure mun san darajar a ce wane ya ɗauka daga wane. Wani Bature, Bernard Leach, ya koyi ginin tukwane a Japan, ya koma Ingila a 1920 tare da Shoji Hamada, suka kafa gidan gini a garin St Ives, suka gina tanderu irin na Japan. A 1923 wani saurayi da ya gama Jami'ar Oxford, Michael Cardew, ya shiga almajirci a wurin Leach. Shi ne gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka a 1950 ya zama jami'in kula da ginin tukwane a Nijeriya. Ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da itace da ruwa, ya zaɓi garin Abuja na wancan zamani, wanda yanzu ake kira Suleja, inda Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta fara aiki a 1952. A gidan Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ga waɗansu manyan randuna masu zanen kada da kunama da hawainiya da kifi, ya tambayi mai su. Mai su ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ta koyi gini tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta.

Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai da gashi a tanderu mai tsananin zafi, amma ba ta bar ginin hannu irin na gidansu ba. An nuna kayanta a Landan, ta yi gini a gaban jama'a a Ingila a 1962 da Amurka a 1972. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta yi karatun boko ba. A 1980 aka ba ta lambar yabo mafi girma ta ƙasa a fannin ilmi da fasaha. Ta rasu a Minna a 1984, kuma tun 2007 hotonta na bayan takardar naira 20 tana gina randa. Wannan kuwa hujja ce babba a kan duk mai cewa magina ba malamai ba ne, domin jami'a da kanta ta riga ta yanke hukunci.

Amma tarihin Abuja yana da darasi na biyu, mai ɗaci. Tanderun cibiyar na bukatar zafin da ya haura digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas, da itace mai yawa, da duwatsun da sai an niƙa su da inji. Kayan da ke fitowa kyawawa ne ƙwarai, sai dai masu sayensu galibi Turawa ne da manyan ma'aikata. Randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa har ta zama kamar dutse ta yi nauyi, kuma ta daina sanyaya ruwa, domin ƙofofin da ruwa ke tsattsafowa sun toshe. Ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo. Cibiyar ta dogara ga aljihun gwamnati, kuma bayan Cardew ya bar ta a 1965, da magajinsa Michael O'Brien a farkon shekarun 1970, da rasuwar gwanayen farko, sai ta yi ta ja da baya. Mun girmama mace guda, mun kyauta. Ba mu kafa hanyar da dubban 'yan'uwanta na ƙauyuka za su miƙa abin da suka sani ga na baya ba. A nan ne muka bambanta da Japanawa.

Yanzu sai mu juya ga Bagudo. Ƙaramar hukumar nan tana yammacin Jihar Kebbi, Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje suna fuskantar ƙasar Benin. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Kyangawa suna zaune cuɗanye da juna, suna cin kasuwa ɗaya. Iyakar da ke tsakani Ingila da Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyar 1898 da gyare-gyaren da suka biyo baya, suka raba ƙasar Bargu da ta Dandi, suka bar dangi a hayi biyu. Yumɓun fadama bai san da wannan yarjejeniya ba, haka ma hannun da ke murza shi. Dabarar gini takan bi aure da ƙaura da fatauci, kuma wuri irin wannan, inda al'ummu da yawa suka haɗu, shi ne inda ɗalibi zai ga dabaru iri-iri a tafiyar yini guda.

Ƙasar kwarin Kwara kuma tsohuwar matattarar magina ce. Kafin tafkin Kainji ya cika a 1968, masu haƙar kayan tarihi sun tono tukwane da siffofin yumɓu a kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri. A hayin Benin, gaba da Malanville, wata tawagar masana ƙarƙashin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia, tare da takwarorinsu na Benin, ta yi aiki daga 2011 zuwa 2015 a kufan Birnin Lafiya, inda aka tarar da garin da aka zauna cikinsa ɗaruruwan shekaru kafin ƙarni na 14, har da daɓen ɗakuna da aka yi da tsingaro jere-jere. In aka faɗaɗa, a Ounjougou ta ƙasar Mali an sami gutsattsarin tukwane masu shekara fiye da 11,000, suna cikin mafiya daɗewa a Afirka. Ga kuma Nok a tsakiyar Nijeriya, ga Bura a Nijar. Mukan karanta waɗannan a aji mu ci jarrabawa da su, mu yi alfahari da kakanni, sa'an nan mu wuce tsohuwar da ke riƙe da ƙarshen wannan igiya a bakin kasuwa ba ko sallama.

Mene ne abin da maginiya ta sani wanda ba ya cikin littafi? Ta san ramin da yumɓunsa ya dace da tukunyar miya da wanda ya dace da randa. Ta san yawan dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi ko yashin da za ta zuba don kada ginin ya tsage, kuma ma'auninta yatsunta ne. A ƙasar Hausa waɗansu sukan kife tsohuwar tukunya su shimfiɗa yumɓu a bayanta su fitar da gindin sabuwa. Waɗansu sukan sa curin yumɓu a ɗan rami su yi ta bugunsa daga ciki suna juyawa har ya buɗe ya zama tulu mai kauri ɗaya. Gbagyi kuwa sukan ja yumɓun sama su ɗora masa murɗaɗɗun igiyoyi suna zagaya shi. Ta san yadda za ta shanya a inuwa don kada iskar hunturu ta fasa mata aiki. Ta san jera ɗanyun tukwane a matoya, da yawan kara da kashin shanu, da lokacin da iska ta kwanta, ta gasa kaya masu yawa cikin 'yan sa'o'i da zafin da bai kai digiri 900 ba. Wannan gashin na sama-sama shi ne sirrin tukunyarmu: ita ce ke jure harshen wutar murhu ba ta fashe ba, ita ce kuma ke tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ɗalibin kimiyya zai iya rubuta lissafin wannan a allo. A ba shi yumɓu a ce ya yi, sai a ga iyakar alli.

Haɗarin da ke tafe kuwa a bayyane yake. Baho da bokiti da jarkar roba sun karɓe aikin tulu, tukunyar dalma ta karɓe na tukunyar ƙasa, ruwan leda da kula sun shiga wurin randa, kuma kayan ɗakin amarya a yau na kanti ne. In ciniki ya ja baya, 'ya ba ta zama kusa da uwa ta koya, ita ma uwar ba ta so 'yarta ta gaji wahalar da ba riba. Ilmin da ke rubuce yana iya kwana shekara ɗari a akwati a farkar da shi. Na hannu kuwa, in tsara guda ta tsallake shi, shi ke nan, sai dai a ga samfurinsa a gidan tarihi na Jos, inda Sylvia Leith-Ross ta tara tukwanen Nijeriya ta kuma wallafa littafi a kansu a 1970. Abin da za a rasa ba ado kaɗai ba ne. Sana'a ce ta rani wadda mace ke yi a cikin gidanta, jarinta ƙasa da ruwa da kara, ribarta kuma a hannunta take faɗawa.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko zai ce roba ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka, ba ta fashewa, kuma yarinyar da ke zuwa rafi ba za ta gode wa wanda ya mayar mata da tulu ba. Gaskiya ne, kuma ba mu kira a yi yaƙi da jarka. Muna cewa akwai ayyukan da har gobe yumɓu ya fi kowa iyawa, musamman inda wutar lantarki ba ta zama. Malam Muhammad Bah Abba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse ta Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan magina, ya ɗauki tukunya ya sa cikin wata tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gauta da tumatir da tattasai da kan lalace cikin 'yan kwanaki sai suka riƙa yin makonni. Ya ba magina aikin gina dubbai, aka raba a ƙauyuka, kuma a shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex ta duniya. Ɗan boko ne da bai raina sana'ar gidansu ba, ya haɗa abin da ya gada da abin da ya karanta. Irinsa muke so darasin nan ya haifar.

Ga wani misali da ya dace da Kebbi ƙwarai. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa da sarrafa ta suka bunƙasa a jihar, ɓuntu kuma ya yi ta taruwa a bayan injina. A ƙasar Gwatamala, a 1981, wani masani mai suna Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro matacin ruwa na yumɓu: akan gauraya yumɓu da garin katako, a gasa, garin ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi datti da yawancin ƙwayoyin cuta su tsaya. A ƙasashe da dama ɓuntun shinkafa ake sawa a madadin garin katako. A Mashiko kuwa tokar ɓuntun ce ake haɗa wani farin ruwan ƙyalli da ita, wanda Hamada ya yi suna da shi. Abin da muke ƙonawa don mu rabu da shi, wani wuri kayan aiki ne, kuma yana iya zama makamashin gashi ya rage sarar itace, wadda ita ce ƙorafin mai ja na biyu.

Na uku zai ce randa mai faɗin baki, wadda kowa ke tsoma moɗa da hannu, hanyar cuta ce. Wannan ma gaskiya ne, maganinsa kuwa gyara. A yammacin Kenya an sa magina sun gina randuna masu ƙaramin baki da murfi da famfo a gindi, mutane suka karɓa domin ba a raba su da sanyin ruwan da suka saba ba. Ɗalibin kiwon lafiya ya san cutar, maginiya ta san ginin. In ba su zauna tabarma ɗaya ba, ba za a sami randar ba. Na huɗu zai ce, ashe bayan shekara huɗu a jami'a sai mu koma kwaɓa laka? Ba mu ce kowa ya zama magini ba, ko da yake wanda ya daɗe yana yawo da takardun neman aiki ya san sana'a ba abin rainawa ba ce. Amma ku ne gobe za ku zauna a ofisoshin ilmi da ciniki da al'adu, ku tsara kasafi, ku raba filaye. Jami'in da tukunya ta taɓa rushewa a hannunsa sau goma ba zai sa hannu a mayar da ramin yumɓun gari fegi ba tare da ya tambaya ba. Ba mu kuma yarda a cire yarinya daga makaranta da sunan gado ba. Abin da muke nema shi ne sana'ar ta shigo makaranta ta same ta a can.

Mun taɓa gwada koyar da sana'a daga sama, mun ga ƙarshenta. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4, ta yi niyyar kowane yaro ya fita da aikin hannu. Aka sayo injina daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu, saboda ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya iya. Duk wannan lokaci gwanaye na nan bayan katangar makaranta, ba wanda ya kira su, don ba su da takardar shaida. Kada a maimaita wannan a Bagudo. Kada a fara da sayo faifan lantarki da tanderun gas a yi bikin buɗewa. A fara da mutanen da suka iya.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, kowace tana iya shirya darasin mako huɗu da rani, lokacin da ake gini. A yi shi a garin maginan, a ramin da suke haƙa da matoyar da suke gashi, bayan an nemi iznin sarakuna da masu gida, an kuma tabbatar da lafiyar hanya. Kada almajirai su wuce goma ga gwana ɗaya, kuma inda gidan na kulle ne a tura ɗalibai mata. A fara kamar yadda Japanawa ke farawa, daga haƙa da ɗauka da murza, kada wanda ya taɓa ado sai ya gina kaskon da ya fita wuta lafiya. A biya gwanar kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, a sa sunanta a takardar shaida, ɗalibai kuma su kira ta Malama. A ƙidaya makonnin cikin horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa, tun da ba a ce sai a ofis mai fanka ake sanin aiki ba. Sashen tsara kayan masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya daɗe yana koyar da aikin yumɓu, yana iya taimakawa da gwajin ƙasa.

Kowane ɗalibi kuma ya biya bashin karatunsa da abin da ya iya. Na harsuna ya rubuta sunayen kayan aiki da na tukwane da Hausa da Dandanci da Busanci, kafin kalmomin su bi masu su. Na kimiyya ya auna yumɓun kowane rami da zafin kowane gashi. Na tattalin arziki ya bi tulu daga matoya zuwa kasuwa ya ga inda riba ke zubewa. Sai dai a kiyaye wata mummunar al'ada ta masu bincike, watau a kwashe sanin tsohuwa a rubuta kundi a sami digiri, ita kuwa a sallame ta da goro. Duk abin da aka rubuta a mayar da kwafinsa garin, a karanta musu da harshensu, duk abin da aka ƙirƙiro kuma su ne za su fara gina shi su sayar. Tun da Nijeriya da Benin suna cikin yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979, ba abin da zai hana a gayyato magina daga hayin Segbana da Malanville, da ɗaliban Jami'ar Parakou, a yi karatun tare.

Ku kuma matasan ma'aikata, rabonku ya fi sauƙi, ya kuma fi saurin amfani. Majalisar ƙaramar hukuma tana iya ƙidaya maginan da suka rage gunduma-gunduma, ta san gwanayensu, ta keɓe ramukan yumɓu a rubuce. Tana iya sa randa mai murfi da famfo a kowace makarantar firamare da ɗakin shan magani, ta saya kai tsaye daga hannun masu gini. Gwamnatin jiha tana iya zaɓen gwanaye kaɗan ta yanka musu ɗan alawus na shekara, bisa sharaɗin kowace ta yaye almajirai, a kuma ba su rumfa a bikin kamun kifi na Argungu inda baƙi ke taruwa. Kuɗin wannan duka bai kai na motar ofis guda ba.

Ba sai mun jira hukuma ba kafin mu motsa. Ƙungiyar ɗalibai tana kashe kuɗi kowace shekara a makon al'adu, a yi rawa a ci abinci a watse. Muna roƙon majalisar ƙungiya ta ware kaso daga wannan kuɗi ta ɗauki nauyin rukunin farko, ko da mutum goma ne, ta kuma nemi ɗaliban da suka fito daga Bagudo da Illo da Ka'oje su yi mana jagora zuwa ga iyayensu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, gwanayen nan kuwa tsufa suke yi. Wanda duk zai je gida wannan hutu, ya tambayi wa ke gini a garinsu, ya je ya gaishe ta, ya rubuto mana sunan garin da irin abin da ake ginawa, domin mu san inda za a fara. Allah ya ba mu ikon girmama na gaba da mu, ya sa ilminmu ya amfani mutanen da suka ɗauki nauyinsa, amin.